Bakin Aku Ba Ya Zaman Banza: Dalilin Gaigaye-gaigayensa da Yadda Ake Zama da Shi a Gida

Akasarin masu sayen aku don magana suke sayensa. Tun da Abubakar Imam ya sa aku ya riƙa jero labarai a Magana Jari Ce, a ƙarshen shekarun 1930, sunan tsuntsun nan ya manne da iya zance a zukatan Hausawa. Mutum zai kawo shi gida yana ɗokin ranar da zai amsa sallama ko ya kira sunan uwargida. Abin da mai sayarwa ba ya faɗa shi ne, magana ƙarama ce a cikin ayyukan bakin aku. Babban aikinsa fasawa ne da ɓarewa da gaigaya. Kafin a ji kalma ɗaya daga gare shi, sai a tarar gefen ƙofa ya zama ɓarɓashi, wayar caja ta rabu biyu, maɓallan rimot sun ɓace, littafin yara ya yi kaca-kaca.

Daga nan rai ya ɓaci. Wani ya daka masa tsawa, wani ya ɗauko tsumagiya, wani ya kulle shi a keji dare da rana, wani kuma ya nemi almakashi don ya rage masa baki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke magance matsalar, wasu ma kashe tsuntsun suke yi. Gaigaya ba rashin tarbiyya ba ce a wurin aku, buƙata ce kamar ci da sha. Hana shi ba ya yiwuwa. Abin da ke yiwuwa shi ne a kawar masa da abin da zai cutar da shi, a wadata shi da abin da ya halatta ya lalata, sannan a koya masa bambancin biyun cikin haƙuri.

Yadda bakin yake

Bakin aku ƙashi ne daga ciki, an lulluɓe shi da wani ƙaƙƙarfan kwanso na keratin, sinadarin da ke cikin farcen mutum da ƙahon saniya. Wannan kwanso ba ya daina tsiro muddin tsuntsun na raye. Abin da ke riƙe shi daidai shi ne goga: gogar leɓen ƙasa da na sama, da gogarsu duka da abu mai tauri. A cikin leɓen sama, ta wajen ciki, akwai ƴan gurare-gurare da aku ke dafe ƙwaya da su yayin da leɓen ƙasa ke fasa ta, kuma a kansu yake wasa leɓen ƙasan. Shi ya sa da dare, idan ya ƙoshi ya natsu zai yi barci, ake jin yana ƙaraf-ƙaraf da baki shi kaɗai. Wannan ba ciwo ba ne, yawanci alamar kwanciyar hankali ce.

Mu mutane muƙamuƙin ƙasa kaɗai muke motsawa. Shi aku, tsakanin leɓensa na sama da ƙoƙon kansa akwai gaɓa mai lanƙwasa, don haka yana ɗaga na saman yana sauke shi yadda ya so. Tsokokin muƙamuƙinsa kuma masu ƙarfi ne fiye da yadda girman jikinsa ke nunawa. Aku toka-toka mai jar wutsiya nauyinsa bai wuce wajen giram 400 ba, amma yana fere katako kamar masassaƙi. Harshensa kauri gare shi da tsoka, yana juya abu da shi yadda yatsa ke yi. A ƙarshen bakin akwai jijiyoyi masu yawa na jin taɓi. Da baki yake gane taurin abu da laushinsa, santsinsa da kaushinsa, ko akwai wani abu a ciki ko fanko ne. Kamar yaro mai rarrafe yake, duk abin da ya gani sai ya kai baki, sai dai shi ba ya girma ya bari.

Ƙafarsa ma ta aikin ce. Yatsu biyu na kallon gaba, biyu na kallon baya, don haka yana tsayawa da ƙafa ɗaya ya riƙe abu da ɗayar ya kai baki. Wajen hawa kuwa, bakin ne ke shiga gaba. A 2022 wasu masu bincike a Amurka sun auna ƙarfin da wani ƙaramin jinsin aku ke amfani da shi idan yana hawan abu a tsaye, suka tabbatar cewa kai da bakin suna jan jiki sama kamar ƙafa ta uku. Saboda haka duk wanda ya yanke wa aku baki, ya taɓa masa hannu da ƙafa da abin cin abinci a lokaci ɗaya. Ga shi a cikin bakin akwai jini da jijiya. Yankan yana da zafi, kuma ɗan tsuntsu ba shi da jinin da zai yi asara.

Abin da yake yi a daji

Aku mai jar wutsiya ɗan kurmi ne. Gidansa dazuzzukan kudancin Nijeriya da Gana da Kamaru da Gabon da Kwango. Suna kwana garke guda a kan dogayen itatuwa, da asuba su watse neman abinci, wani lokaci su yi tafiya mai nisa. Suna son ƴaƴan kwakwar manja ƙwarai, suna cin iri da ƴaƴan itace da furanni da ɓawon reshe. A yankinmu na arewa akwai ƙaramin aku kore mai tokar kai da rawayan ciki, wanda ake samu daga Senegal har zuwa Kamaru da Chadi, ga kuma tsirya mai dogon bindi. Manoma sun san su sarai, domin suna sauka a kan gero da dawa da masara idan sun nuna.

Dukkansu abincinsu a kulle yake. Sai an hau reshe, an tsinko, an riƙe da ƙafa, an ɓare, an fasa, sannan a sami ɗan abin da za a haɗiye. Sa'o'i da yawa na yini a wannan aiki suke tafiya. Abin da suke zubarwa ƙasa kuma yana da yawa, ya zama rabon dabbobin da ke ƙarƙashin itacen. Wanda ke ƙorafin aku na watsa abinci a tsakar ɗaki, ya san cewa haka yake ci tun asali.

Sheƙarsu ma da baki ake gyara ta. Aku ba ya saƙa sheƙa da ciyawa, kogon itace yake nema. Idan ya samu, sai ya faɗaɗa bakin kogon, ya fere cikinsa, ɓarɓashin ya zama shimfiɗar ƙwai. Wannan ne ya sa a lokacin da sha'awar haihuwa ta motsa masa, gaigayar ke ninkuwa, ya riƙa kutsawa ƙarƙashin kujera da bayan kabad da duk wani lungu mai duhu.

To, a dubi wannan tsuntsu a keji. An cika masa kwano da gyaɗa ɓararriya. Masu bincike a Jami'ar Utrecht da ke ƙasar Holan sun lura da aku masu jar wutsiya da ake ba abinci a kwano, suka ga ba sa cika sa'a ɗaya a yini wajen ci. Da aka ɓoye musu abincin a cikin abubuwan da sai sun wahala kafin su ciro shi, lokacin ya ninka. Sauran sa'o'in fa? Tsuntsu ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ga baki mai neman aiki, ga yini guda babu abin yi. Ƙarfin nan dole ya sauka a wani wuri: ko a ƙofa, ko a ihu, ko a kan gashin jikinsa. Yawancin abin da muke kira ɓarna, zaman banza ne muka ɗora masa.

Abubuwan da ke kashe shi a cikin gida

Asarar kaya tana da ciwo, amma ana sayen wata kujera. Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda ke kan tsuntsun, kuma rigakafi ya fi magani.

Na farko wayar lantarki. Robar da ke jikinta tana da daɗin tauna, tsawonta kuma kamar reshe. Cizo ɗaya ya isa ya ƙona masa baki da harshe ko ya tsayar masa da zuciya, wayar da ya fere kuma tana iya tada gobara bayan kowa ya kwanta. Kada a sake da cewa an ɗauke wuta, domin ba ta sanarwa idan za ta dawo. A zura wayoyi cikin bututun roba mai kauri, ko a bi da su ta bayan kaya masu nauyi. A zare caja a ajiye a aljihun tebur. Ɗakin da wayoyinsa suka yi yawa, a hana shi shiga gaba ɗaya.

Na biyu ƙarafa masu guba, musamman dalma da tutiya. Mun san abin da dalma ke yi, domin a 2010 ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Zamfara. Abin da ya illata yaro, ɗan ƙanƙaninsa ya ishi tsuntsu mai nauyin giram 400. Dalma ƙarfe ce mai laushi, don haka bakin aku yana ɓantarar ta cikin sauƙi. Ana samun ta a tsohon fenti, da batir, da abin da masu gyaran rediyo ke narkawa su liƙe waya, da wasu sarƙoƙi da ƴan kunne masu arha. Akwai ta kuma a inda mutane ba sa zato: kwallin gargajiya na dutse, yawancinsa ma'adinin dalma ne. Tandun kwalli bai kamata ya zauna inda aku ke yawo ba.

Tutiya ita ce ake shafa wa kwanon rufi da wayar raga don kada su yi tsatsa. Kejin da aka haɗa da ragar kejin kaji yana ɗauke da ita, kuma aku da baki yake hawa jikin kejinsa kullum. Ana samun ta a ƙusoshi da zif da kwaɗo da makulli na tagulla. Idan ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ciki, sai ya zauna a ƙundu, ruwan ciki yana narkar da shi kaɗan-kaɗan yana shiga jini. Keji mafi aminci shi ne na ƙarfe mara tsatsa, irin wanda ake yin cokali mai kyau da shi. Wanda bai sami hali ba, ya goge sabuwar raga da burushin ƙarfe da ruwan khal, ya cire duk wani ɗigo da farin gari da ke jikinta. Wannan yana rage haɗarin ne kawai, ba ya kawar da shi. Kwanonin ci da sha dai lallai su zama na ƙarfe mara tsatsa ko tangaran.

Na uku katakon da aka yi wa magani. Kafintoci kan shafa wa katako maganin gara ko baƙin mai, sannan a bi shi da fenti ko man ƙyalli. Falankin da aka manna da gam shi ma cike yake da sinadarai. Guntun katakon da aka tsinto a shagon kafinta ba abin ba aku ba ne, sai an tabbatar ɗanye ne ba a shafa masa komai ba.

Na huɗu tsirrai. Kariya da ake dasawa don ado, da tumfafiya, da bini-da-zugu da ake shinge da shi, da zurma, da zaƙami, da tinya, duk guba ne. Haka idon zakara, ƴan jajayen ƙwayoyin nan masu baƙin ɗigo da yara ke wasa da su: ƙwaya ɗaya da aka fasa tana kisa, kuma fasawa ita ce sana'ar aku. Itacen fiya, da ganyensa da ɗansa, yana da sinadarin da ke lalata zuciyar tsuntsaye. A cikin abin da muke ci kuwa, a nisanta shi da goro da kofi da shayi da cakulan, domin abin da ke wartsakar da mutum a cikinsu yana rikita bugun zuciyar tsuntsu. Guntun goron da baƙo ya miƙa masa don wasa ba alheri ba ne. Albasa da tafarnuwa da abinci mai gishiri su ma ba nasa ba ne.

Na biyar zare da leda. Zaren buhu da igiyar roba da bakin labule da ya tsefe suna naɗe yatsa su tsayar da jini, ko su shaƙe wuya. Idan ya haɗiye su, suna dunƙulewa a jakar da ke wuyansa, inda abinci ke fara taruwa, su toshe hanya.

Sai kuma abubuwan da darajarsu ta fi ƙarfin a bar su a fili: Alƙur'ani da littattafan karatu, allo, takardun fili, takardun makaranta, kuɗi. Aku bai san bambancinsu da kwalin banza ba. Mai gida ne ya sani, shi ne kuma zai ɗauke su ya rufe.

Abin da za a ba shi

Wanda ya hana aku ƙofa bai ba shi madadi ba, bai yi komai ba. Abin farin ciki shi ne, kayan da ya fi so ba su da tsada, yawancinsu suna bayan gida ko a kasuwar ƙauye.

A gaba da komai akwai ɗanyen reshe mai ɓawo da ganye. Reshen gwaiba da na lemo da na zogale da gora suna cikin waɗanda masu kiwon aku suka daɗe suna amfani da su lafiya. A saro daga itacen da ba a yi wa feshi ba, nesa da bakin titi. A wanke da ruwa da burushi, a kankare kashin tsuntsaye idan akwai, domin murar tsuntsaye da wasu cututtuka ta nan suke shigowa, sannan a shanya a rana. Itacen da ba a tabbatar da shi ba, a bar shi. Sandunan da yake tsayawa a kai ma su zama irin waɗannan rassa, masu kauri daban-daban, a riƙa sauyawa idan ya cinye.

Ga zangarniyar gero da ta dawa, a rataye masa yadda take, ya tsinci ƙwayar da kansa. Ga ɗanyar masara da ɓawonta. Ga kaba da ganyen kwakwa, a saƙa masa ƴar tabarma ko faifai ya warware. Ga goruba da ɗan kuka da ƙoƙon kwakwa ga mai ƙarfin baki. Ga soson wanka na gargajiya wanda ba a taɓa sa masa sabulu ba, ga gutsuren rake lokaci-lokaci. Kwali ma yana yi, idan an cire masa salatif da ƙusar maƙala takarda, kuma ba a taɓa zuba sabulu ko magani a cikinsa ba. Idan za a ɗaure wani abu, a yi da gajeriyar igiyar rama, a riƙa datse duk inda ta tsefe.

A haɗa mai laushi da mai tauri. Aku yana son ya ga sakamakon aikinsa, idan aka ba shi abin da ya gagare shi kaɗai, zai bar shi ya koma wa kujera. Abin wasan da ya kai wata bai lalace ba, bai yi amfani ba. Wanda aka tarar da ɓarɓashinsa da yamma, shi ne ya biya kuɗinsa. A kuma lura da kyau a kwanakin farko: yawancin aku suna yagawa su zubar, amma idan naka yana haɗiyar kwali ko zare, a janye masa su.

Dabara mafi amfani ita ce a mayar da cin abinci aiki. A naɗe ƙwaya a takarda a murɗe bakinta. A huda reshe a cusa gyaɗa a ramin. A zuba abinci a ƙaramin kwali a rufe. A fara da mai sauƙi yana kallo, har ya gane wasan, sannan a riƙa tsanantawa. Game da gyaɗa, a yi hattara: wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, ƙurar fumfunar kuma tana kama huhun tsuntsu. A zaɓi mai tsabta, busasshiya, kuma ta zama ta lada ce, ba abincin yau da kullum ba. Akun da ya rayu a kan gyaɗa zalla yakan yi ƙiba da ciwon hanta da ƙarancin sinadarin ƙashi. Yana buƙatar ganye da karas da kabewa da gwanda da hatsi iri-iri, da ɗan hasken rana na safe.

Aku mai jar wutsiya yana da tsoron baƙon abu. Idan aka jefa masa sabon reshe cikin keji ya firgita, ba ƙi ya yi ba. A ajiye abin daga nesa inda yake hango shi, gobe a matso da shi, jibi a rataye a jikin keji ta waje. A taɓa abin a gabansa, a yi wasa da shi, zai biyo baya. Kada kuma a zube masa komai rana ɗaya. A ba shi uku ko huɗu, bayan mako a sauya da wasu, tsohon ya dawo masa sabo.

Koyarwa ba da duka ba

Tsawa ba ta aiki a kan aku, kuma akwai dalili. Shi ɗan garke ne, hayaniya ita ce hirarsu. Idan ya yi shiru yana gaigayar reshensa babu mai kallonsa, amma da ya taɓa ƙofa kowa ya taso yana ihu, to an koya masa cewa ƙofa ce ke kawo mutane. Duka kuwa tsoron hannu yake koya masa, tsoro kuma shi ke haifar da cizo. Amanar da aka yi watanni ana ginawa tana rushewa da mari ɗaya.

Hanyar da ke aiki ita ce a juya lissafin. A yi masa wurinsa a ɗakin da iyali ke zama: reshe mai rassa a kafe a cikin bokitin yashi ko a kan katako, a rataye masa kayan gaigaya, a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Duk lokacin da aka gan shi yana aiki a wurin, a yaba masa da murya mai daɗi, a ba shi ɗan abin da ya fi so nan take, domin ladan da ya makara bai san na mene ne ba. Idan ya nufi ƙofa, a je a natse, ba magana mai yawa, a miƙa masa hannu ko sanda ya hau, a mayar da shi wurinsa, a sa masa reshe a gaba. Da ya kama reshen, sai yabo. Za a maimaita wannan sau da yawa, kwanaki da makonni, kafin ya zauna.

Idan ya ɗauki abu mai haɗari, kada a bi shi da gudu ko a fizge, domin zai ƙara riƙewa ko ya haɗiye. A nuna masa abin da ya fi so, zai saki wancan ya karɓi wannan. Yana da kyau a riƙa yin wannan musaya da wasa tun kafin ranar buƙata.

A gane kuma cewa ba duk kai baki ne cizo ba. Idan aka miƙa masa hannu, yakan fara dafa shi da baki ya ji ko zai ɗauke shi, yadda yake gwada reshe. Wanda ya fizge hannu a wannan lokaci yana koya masa ya riƙa damƙa da ƙarfi.

Dokar gida ta zama ɗaya. Idan maigida ya hana, yara kuma suna miƙa masa biro da murfin kwalba suna dariya, aikin ya rushe. Kuma duk iya horonsa, ba a barin aku a sake a ɗaki babu mai ido a kansa. Hali zanen dutse ne. Idan za a fita, a mayar da shi keji mai faɗi da abin da zai yi aiki a kai. A lokacin da yake neman kogo, a toshe lunguna, a daina ba shi kwalin da zai shige ciki, a bar shi ya sami barcin sa'o'i 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru.

Lokacin da za a nemi likita

Wani lokaci sauyin gaigaya saƙo ne daga jiki. Tsuntsu yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, don haka ba a jira a ga yadda gobe za ta yi.

Idan aku ya yi laushi, ya kumbura gashi, yana amai, yana shan ruwa fiye da ƙima, kashinsa ya koma kore shar ko ruwa-ruwa, yana tangaɗi ko faɗowa daga sanda ko farfaɗiya, a zargi gubar ƙarfe, a tafi da shi a ranar. A riƙe abin da ake zaton ya tauna a nuna wa likita. Hoton ciki yakan nuna ɓarɓashin ƙarfe a ƙundu, kuma akwai allurar da ke kama ƙarfen a jini ta fitar da shi, idan an zo da wuri. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin ɗura tana iya bi ta hanyar numfashi ta kashe shi.

Idan baki ya yi tsawo fiye da ƙima, ko ya karkace, ko yana tsagewa, ba rashin itace kaɗai ke kawo haka ba. Ciwon hanta yana sa shi, da rashin abinci mai gina jiki, da wata cuta mai yaɗuwa da ke lalata baki da gashi tare. Likita ne zai gano dalilin, shi ne kuma zai gyara bakin da kayan aikinsa. Haka idan ya fara tauna gashinsa ko fige shi, a fara da binciken lafiya kafin a ce kaɗaici ne. Wanda ya saba ɓarna kuma ya daina kwatsam, shi ma abin dubawa ne. Akwai asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma ya kamata mai aku ya san inda zai nufa tun tsuntsunsa na lafiya.

Kafin a saya

Aku mai jar wutsiya yana kai shekara 40 a hannun mutane, wani ya wuce haka. Wanda ya kawo shi gida ya ɗauki alkawarin saro reshe da share ɓarɓashi na tsawon wannan lokaci. Ga wani abin dubawa kuma. Kamun da ake yi wa wannan tsuntsu da saran dazuzzuka sun kusa ƙarar da shi a wurare da dama. Wani bincike a Gana ya nuna yawansa ya ragu da kashi 90 zuwa 99 cikin 100 daga 1992. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda ake kamowa suna mutuwa a hanya kafin su kai kasuwa. Duk wanda ya sayi ɗan daji, ya ba mai tarko kuɗin komawa.

Malamai sun yi bayani cewa tsare tsuntsu ya halatta da sharaɗin a ba shi haƙƙinsa, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ya ishe mu gargaɗi. Haƙƙin aku bai tsaya ga ruwa da ƙwaya ba, har da abin da zai sa bakinsa a kai. Mai karatu, idan kana da aku, ka zagaya ɗakinka yau ka kwashe waya da kwalli da goro daga inda yake kaiwa, gobe da safe ka saro masa reshen gwaiba. Idan kuma ba ka saya ba tukuna, kuma ka san ba za ka jure ɓarɓashi da wannan hidima ba, ka bar shi a dajinsa. Hakan ya fi maka sauƙi, ya fi masa alheri.